Gwangwanin Tikiti

Ina da gwangwanin madara ƙarƙashin teburin dukanci,
ba kuɗi a ciki, ba goro,
tikitin meri ne zalla, shuɗi da ja da fari,
shekara goma sha ɗaya nake tarawa.

Kullum da hantsi Lawali zai ratso Kasuwar Dole,
alƙalami a kunne, jaka a wuya:
"Baduku, dala goma."
Ban taɓa ɓuya bayan fata ba,
ban taɓa ce masa yau ciniki bai faɗa ba,
in miƙa, ya yage, sannan mu yi gaisuwa.

Daren jiya da wuta ta ɗauke
na zazzage gwangwanin bisa tabarma,
Cima ta riƙe mini tocila,
na ce yau takarda za ta faɗi inda kuɗina ke zuwa.

Wannan tulin, na ce, na ruwa ne.
Cima ta yi dariya har haske ya karkace.
Famfonmu na Garin Malam
sai ƙarfe ukun dare yake farkawa,
tari biyu, tsaki ɗaya, ya koma barci.
Bura mai kura shi ne magajin garinmu,
in rani ya tsaya, shi ke yanka wa bido kuɗi.
An ce ruwa ba na meri ba ne, na kamfani ne.
To, na ji. Amma maƙogwaro bai san ƙofar ofis ba,
abin da ya sani ƙishirwa.

Wannan kuma na shara.
Jujin bayan lakwal ya girma har ya yi suna,
'yan kabu-kabu da shi suke kwatance,
awaki na hawa su hango Birni da duwatsunta.
Motar kwasa sau biyu na gan ta:
ran da aka yi manyan baƙi,
da ran da ta mutu a gindinsa, har yau tana nan,
kaji na kwana a inuwa.

Cima ta ce, "Kai fa?
Guntayen fatar da kake zubawa a magudana in dare ya yi?"
Na yi shiru.
Daminar bara da ruwa ya ci ɗakin Gambo
na ga jajayen yankakkuna suna yawo a ƙofarsa.
Rinina ne. Na gane shi. Ban faɗa wa kowa ba,
na dai kama masa kwashe tabarmi ina sunkuyawa.

Saura ɗan tuli, ban raina shi ba.
Fitilar rana ta mararrabarmu,
ƙarƙashinta Barira ta yi karatu da sauro a ƙafa
har sunanta ya fito a jarrabawa.
Da Magaram ta tagar takardu,
mai tabarau ɗaure da zare,
wadda ta rubuta jikana a safiya guda,
ba ta ce in dawo jibi ba, ba ta kalli aljihuna ba,
ta busa hatimi ya bushe, ta ce Allah ya raya,
ta miƙo takardar haihuwa.

Na mai da su duka, na danne murfi.
Gobe Lawali zai zo, zan biya.
Ba shi ya ci ba, takalminsa ni na ɗinke sau uku,
na san nauyin da yake takawa.

Amma ran da majalisa za ta zauna
zan sa rigar Juma'a, in ɗauki gwangwani,
in aje shi bisa doguwar teburarsu.
Ba faɗa ya kawo ni ba, ni mai sana'a ne:
in mutum ya ba ni kafin alƙalami na takalmi
nakan auna ƙafarsa, in faɗa masa rana.
Ga nawa nan, na shekara goma sha ɗaya.
Ku auna unguwarmu,
ku faɗa mini ranar da zan zo karɓowa.